Gwanin Prolog da Sanin Lokacin Kafe Ilimi

Harshen Prolog yana da wata baiwa da ba kasafai ake samunta a harsunan rubuta manhaja ba. Manhajar da aka rubuta da shi tana iya ƙara wa kanta ilimi tana tsakar aiki, ta kuma goge wanda ya tsufa. Sai dai baiwar tana da farashi. Duk ilimin da aka bar wa ƙofar sauyi a buɗe, kwamfuta takan yi taka-tsantsan da shi, taka-tsantsan kuwa yana cin lokaci. Wannan ne ya haifar da wata gwaninta da nake matuƙar jinjina wa masu ita: gane lokacin da ilimi ya gama sauyawa, sannan a kafe shi ya koma tsayayyen umarni mai sauri, ba tare da ko amsa ɗaya ta canja ba. Mai amfani da manhajar ba ya ganin wannan aiki da idonsa, amma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo.

An haifi Prolog a shekarar 1972 a birnin Marseille na ƙasar Faransa, a hannun Alain Colmerauer da Philippe Roussel, tare da gudummawar tunanin Robert Kowalski na jami'ar Edinburgh. Abin da suka zo da shi baƙo ne a wancan zamani. Yawancin harsuna suna bukatar ka jera wa kwamfuta matakan da za ta bi ɗaya bayan ɗaya. A Prolog kuwa, abin da ka sani kake faɗa mata, ka yi mata tambaya, ita ta nemo amsa ta hanyar manɗiƙi. Ga misali:

hanya(kano, zariya).
hanya(zariya, kaduna).
hanya(kaduna, abuja).
ana_zuwa(A, B) :- hanya(A, B).
ana_zuwa(A, B) :- hanya(A, C), ana_zuwa(C, B).

Layuka uku na farko zantuka ne tabbatattu. Biyun ƙarshe dokoki ne: ana zuwa wani gari daga wani idan akwai hanya kai tsaye, ko kuma idan akwai hanya zuwa gari na tsakiya wanda daga shi ake iya ƙarasawa. Kalmar da ta fara da babban harafi gurbi ce da Prolog zai cike da kansa. Kowane layi jumla ce, tarin jumlolin da suka yi tarayya a suna da yawan sassa kuma shi ne dangantaka. Idan ka tambaya ko ana zuwa Abuja daga Kano, Prolog zai gwada jumloli daga sama zuwa ƙasa. Inda ya ga zaɓi fiye da ɗaya, sai ya ajiye alamar mararraba, domin in hanyar farko ta toshe ya dawo ya bi ta biyu.

Iri biyu na dangantaka

Dangantakar da aka rubuta a fayil aka loda, kafaffiya ce. Ba a ƙara mata, ba a rage mata. Amma idan aka sa mata shelar dynamic a sama, ta zama mai sauyawa. Da umarnin assertz manhaja za ta ƙara mata jumla a ƙarshe, da asserta ta ƙara a farko, da retract ta cire, da clause kuma ta leƙa ta ga yadda jumlar take a rubuce. Haka ma'aunin Prolog na duniya da hukumar ISO ta fitar a 1995 ya tsara.

Wannan 'yanci yana ɗora wa kwamfuta nauyi uku. Na farko, tunda ana iya neman jumlar a kowane lokaci don a duba ta ko a cire ta, dole a ajiye ta a siffar da za a iya dawo da asalinta. A tsarin SICStus, wanda aka gina a ƙasar Suwidin ƙarƙashin jagorancin Mats Carlsson, dangantaka mai sauyawa ta hannun tafinta take gudana, wato wani sashe na manhajar da ke karanta jumla yana fassara ta duk lokacin da aka kira ta. Kira dubu, fassara dubu.

Nauyi na biyu ya fi wannan zurfi. Me zai faru idan ana tsakar bin jumlolin hanya ɗaya bayan ɗaya, sai aka ƙara wata sabuwa a ƙarshe? A gan ta, ko kada a gan ta? Tsofaffin tsare-tsare kowanne da yadda yake yi, har manhaja ɗaya kan ba da amsoshi mabambanta a wurare biyu. A 1987 Timothy Lindholm da Richard O'Keefe suka gabatar da ƙa'ida mai tsabta tare da hanyar aiwatar da ita: duk kiran da aka fara, jumlolin da suke nan a daidai lokacin farawarsa kaɗai zai gani. Ma'aunin ISO ya karɓi wannan. Don cika ƙa'idar, akan sa wa kowace jumla hatimin lokacin shigowarta da na cirewarta, a duba hatimin kafin a gwada ta. Jumlar da aka cire ma ba a share ta nan take, domin wataƙila wani kira da bai ƙare ba yana kanta.

Na uku, idan zaruruwan aiki da yawa, wato sassan manhaja ɗaya, suna gudana lokaci guda, wani yana karantawa wani yana rubutawa, sai an tsara su kada su yi karo. Shi ma wannan tsari lokaci yake ci.

Abin da kafewa ke buɗewa

Kafe dangantaka alƙawari ne da mai rubuta manhaja yake yi wa kwamfuta: daga yau wannan ilimi ba zai sake motsi ba. Domin a ga girman abin da alƙawarin ke sayowa, sai a dubi aikin David H. D. Warren. A 1977, a Edinburgh, shi da abokan aikinsa suka samar da kwamfailar Prolog ta farko, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan adam ya zama umarnin na'ura tun kafin a fara aiki, ta kwamfutar DEC-10. A 1983, yana cibiyar bincike ta SRI a Kaliforniya, ya wallafa tsarin wata na'ura ta tunani da ake kira WAM, wadda har yau ita ce ginshiƙin yawancin tsare-tsaren Prolog. Rubutun nasa ya yi wa mutane da yawa wuyar fahimta, har sai da Hassan Aït-Kaci ya rubuta littafi guda a 1991 don ya warware shi daki-daki.

Hikimar Warren ita ce a yi tunani sau ɗaya maimakon sau dubu. Tafinta, duk lokacin da ya zo kan jumlar hanya ta farko, sai ya tambaya: mene ne a sashe na farko, suna ne ko gurbi ko jeri? Kwamfaila kuwa ta riga ta ga suna ne, kano, don haka umarni ɗaya gajere take rubutawa: duba ko abin da aka kawo kano ne. Ta kuma san waɗanne gurabe ne za a bukata bayan kira na gaba da waɗanda za a yar nan take, sai ta ware wa kowanne mazauninsa tun da wuri.

Sai kuma fihirisa. Idan an san dukkan jumlolin dangantaka, ana iya gina tebur bisa sashensu na farko, ta yadda tambaya a kan zariya za ta dira kan jumlar zariya kai tsaye, ba sai an bi ta kan sauran ba. Ribar ba ta tsaya a tsallake jumloli ba. Idan fihirisa ta nuna jumla ɗaya ce tak ta dace, ba a ajiye alamar mararraba. In babu alamar mararraba, ma'adanar da kiran ya ci ana iya maido da ita da zarar ya kai matakinsa na ƙarshe, kuma dokar da ke kiran kanta da kanta tana iya zagayawa sau miliyoyi ba tare da ma'adana ta cika ba. Tsare-tsare da dama suna yi wa dangantaka mai sauyawa fihirisa ita ma, sai dai dole su riƙa gyara ta duk sanda aka ƙara ko aka cire.

Akwai kuma matakin da ya wuce nan. A 1990 Peter Van Roy ya nuna da kwamfailarsa ta Aquarius, a jami'ar Berkeley, cewa idan aka nazarci manhaja gaba ɗayanta aka gano irin abubuwan da ake miƙa wa kowace dangantaka, Prolog yana iya kusantar saurin harsunan gargajiya a wasu ayyuka. Irin wannan nazari yana yiwuwa ne a kan abin da ya tsaya cak. Ba a yanke hukunci yau a kan jumlar da sai gobe za a ƙirƙiro ta.

Lamarin ya yi kama da aikin mai ginin tukwane. Muddin yumɓu yana ɗanye, tana iya faɗaɗa baki, ta ƙara wuya, ta gyara gindi, amma tukunyar ba ta hau murhu ba tukuna. In ta gasa, ta samu ƙarfin ɗaukar ruwa da wuta, gyara kuma ya ƙare. Duk ƙwarewar tana wurin sanin ranar da ta isa shiga wuta.

Hanyoyin da gwanaye ke bi

Manhajoji da yawa suna da rayuwa mai zango biyu. A zangon farko suna tara ilimi, a na biyu suna amfani da shi. Ɗauki WordNet, ƙamus ɗin Ingilishi na jami'ar Princeton, wanda ake rabawa har a siffar zantukan Prolog, mai rukunonin ma'ana sama da 100,000. Manhaja tana iya karanta shi da farko, ta lissafo wace kalma ce ke ƙarƙashin wace, ta ajiye sakamakon da assertz. Daga nan har a kashe kwamfuta tambayoyi kawai za a yi. Haka ma tsare-tsaren da ke koyon dokoki daga misalai, irin su Aleph na Ashwin Srinivasan: suna gwada doka su yar, su gwada wata, har su tsaya a kan waɗanda suka fi dacewa. Da zarar koyo ya ƙare, babu dalilin ci gaba da biyan farashin sauyi.

Hanya mafi sauƙi tana cikin SWI-Prolog, tsarin da Jan Wielemaker ya fara ginawa a 1987 a jami'ar Amsterdam. Akwai umarni mai suna compile_predicates, wanda O'Keefe ne ya tsara yadda ya kamata ya yi aiki. Kana ba shi jerin sunayen dangantaka, ya mayar da su kafaffu a take. Daga wannan lokaci, duk wanda ya yi yunƙurin ƙara musu jumla ko cirewa zai gamu da saƙon kuskure mai cewa ba shi da izini.

Hanya ta biyu ita ce ta asali, kuma tana aiki kusan ko'ina. A rubuta jumlolin duka a sabon fayil, a shafe dangantakar mai sauyawa da abolish, sannan a loda fayil ɗin ta hannun kwamfaila kamar mutum ne ya rubuta shi. A GNU Prolog na Daniel Diaz ana iya kaiwa har ƙarshen hanya: kwamfailar gplc tana juya fayil zuwa umarnin na'urar Warren, daga nan zuwa wani ƙaramin harshe na tsakiya, har ya zama umarnin da injin kwamfuta ke ci kai tsaye.

Hanya ta uku ta fi burge ni, domin mai bin ta yana kauce wa matsalar tun daga tushe. Yawancin tsare-tsaren Prolog suna da wata ƙofa mai suna term_expansion, wadda ke ba manhaja damar karɓar kowane layi yayin da ake loda fayil, ta musanya shi da jumlolin da ta ga dama kafin kwamfaila ta gan shi. Gwani yakan sa lissafin teburinsa a nan, sai jumlolin su shigo a kafe tun ranar farko. Daga wannan ƙofa ake shiga wani fanni mai faɗi, wanda Yoshihiko Futamura na Japan ya aza harsashinsa a 1971, Jan Komorowski kuma ya shigo da shi Prolog a farkon shekarun 1980. Idan kana da tafinta na gama-gari da kuma dokokin da ba sa canjawa, kana iya narkar da su wuri guda, ka fitar da manhaja ta musamman wadda ba ta bukatar tafintan kuma.

Inda ƙafa ke zamewa

Duk wannan yana da sauƙin faɗa. Abin da ya sa nake kiransa gwaninta shi ne ramukan da ke kan hanya, waɗanda yawancinsu ba sa yin ƙara idan an faɗa.

Ramin farko yana wurin rubuta fayil. A ce an ajiye sunan gari da babban harafi, 'Kano', cikin alamun zance kamar yadda doka ta tanada. Idan aka fitar da shi da umarnin write, alamun za su faɗi. Da aka sake karantawa, Prolog zai ɗauki Kano a matsayin gurbi, tunda ya fara da babban harafi, gurbi kuwa yana dacewa da komai. Nan take kowane gari a duniya ya samu hanya zuwa Zariya, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Gwani ya san sai writeq ko portray_clause ko write_canonical, waɗanda ke rubutu yadda za a iya karantowa daidai. Ya kuma san cewa umarnin listing yakan sa shelar dynamic a saman abin da ya fitar, don haka wanda ya loda fayil ɗin haka nan ya koma gidan jiya bai sani ba. Idan manhajar ta ƙirƙiri wasu alamomin aiki nata na kanta, dole su kasance a shelance lokacin karantawa kamar yadda suke lokacin rubutawa.

Rami na biyu shi ne jerin jumloli. A manɗiƙi tsantsa, wadda ta zo farko da wadda ta zo ƙarshe duk ɗaya ne. A Prolog ba haka ba ne. Jeri shi ke ƙayyade amsar da za ta fara fitowa, kuma idan akwai alamar yanke, wadda ke hana komawa baya, sauya jeri yana iya sauya amsar ɗungurungum. Wanda ya ce bari ya jera jumloli bisa haruffa don fayil ya yi kyau, yana iya rushe ma'anar da asserta ta gina da gangan.

Rami na uku yana da ban mamaki. Dangantaka mai sauyawa da ba ta da jumla ko ɗaya halattacciya ce: in an tambaye ta, sai ta ce a'a cikin natsuwa. Amma idan aka rubuta ta a fayil, babu abin da zai fita, in aka shafe ta aka loda kuma, babu ita ke nan. Kira na gaba zai tsayar da manhaja da saƙon cewa ba a san wannan dangantaka ba. Irin wannan matsala takan ɓuya wata da watanni, sai ranar da bayanan da suka shigo suka zo fanko. Gwani yakan tanadi jumla ɗaya mai faɗuwa da gangan saboda wannan rana.

Na huɗu, sai an bincika sauran manhajar kaf, a ga ko akwai inda ake leƙa wannan dangantaka da clause. Ma'aunin ISO bai yarda a leƙa kafaffiyar dangantaka ba, ko da yake SWI-Prolog yana sassautawa. Sannan lokacin sauyin kansa yana bukatar lura. Ba a shafe dangantaka alhali wani kira yana tsaye a kan mararrabarta, ko wani zaren aiki yana karanta ta. Akan zaɓi wuri mai tsabta tsakanin zangon tarawa da zangon tambaya, inda babu kowa a ciki.

Awo kafin yabo

Abin da ya ƙara mini ganin girman masu wannan aiki shi ne ba sa yarda da zato. Sun san ribar ta danganta da tsarin da ake kai. A SICStus da GNU Prolog tazarar da ke tsakanin fassara da kafaffen umarni babba ce. A SWI-Prolog kuwa iri biyun duka ana juya su zuwa umarnin na'urarsa ta cikin gida iri ɗaya, don haka saurin da za a ƙaru da shi kaɗan ne. Tsarin YAP ma, da SWI-Prolog daga baya, sun koyi gina fihirisa a kan kowane sashe a daidai lokacin da tambaya ta bukace ta, abin da ya rage wa dangantaka mai sauyawa nauyi sosai. Saboda haka gwani yakan auna lokaci kafin sauyi da bayansa. Yakan kuma tara dukkan amsoshin tambayoyin gwaji da findall a ɓangarorin biyu, ya gwama su ɗaya bayan ɗaya har da jerin fitowarsu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ko a inda saurin bai taka kara ya karya ba, kafewa tana da wata riba da ta fi sauri daraja. Dangantaka mai sauyawa ƙofa ce da kowane sashe na manhaja zai iya shiga ya taɓa abin da ke ciki, kuma kuskuren da ya shigo ta nan yana da wuyar bin sawu, domin wanda ya yi ɓarnar ya daɗe da wucewa kafin a ga illarta. Da zarar an kafe ta, mai ɓarnar yakan tonu a daidai layin da ya miƙa hannu. Wanda zai gaji manhajar bayan shekaru kuma, da ya ga dangantaka a kafe ya san ba sai ya bi dubban layuka yana neman wanda ya canja ta ba.

Gwanin kuma ya san abin da ba a kafewa. Ƙidayar da ke hawa, bayanan da masu amfani ke shigarwa kullum, sakamakon da ake ajiyewa na ɗan lokaci, duk waɗannan sauyi ne rayuwarsu, kafe su wahalar banza ce. Sau da yawa maganin shi ne raba dangantaka gida biyu: babban kaso da ya zauna a kafe shi, ƙaramin kaso mai motsi a bar shi a buɗe, doka ɗaya ta haɗa su ta yadda mai tambaya ba zai ga ɗinkin ba. Yanke irin wannan hukunci yana bukatar mutum ya san manɗiƙin manhajarsa, ya san cikin na'urar da ke gudanar da ita, ya kuma san rayuwar bayanan da take ɗauke da su: wanne ne zai canja gobe, wanne ne ya zauna ke nan. Kwamfaila tana iya yin duk sauran aikin cikin ƙiftawar ido, amma wannan tambaya ta ƙarshe mutum ne kaɗai ke amsa ta, kuma wanda ya iya amsa ta daidai ya cancanci a kira shi gwani.